Leptonica da Danginta

A ƙungiyarmu ta manoman zogale a Sarkin Yamma, duk wanda ya taɓa zaman aji a Maraɗi injiniya ne. Shi ya sa da takardun ƙungiya suka cika kwali, aka ɗora mini tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu, aka ce in juye su ciki. Ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, kada ka wahalar da yatsunka. Akwai Tesseract, hoton takarda za ka ba ta, ta karanta da kanta." Wai kamfanin HP ne ya ƙera ta a shekarun 1980, ya sake ta kyauta a 2005. Da na ji kyauta sai na gyara zama.

Ubuntun namu ya tsufa har an rufe rumbun da yake ɗauko manhajoji, don haka yaron ya kawo mini ɗanyen rubutunta a kile, in harhaɗa da hannuna. Ya ce umarni uku ne kawai, ya hau kabu-kabu ya koma Maraɗi.

Na buga configure. Rubutu ya yi ta gudu, ina ta murmushi, sai ya ci birki: babu Leptonica, kuma dole 1.74 ko sama da haka. Wace ce Leptonica? Ma'ajiyar dabarun sarrafa hoto ce da Tesseract take jingina da ita. Sai an ɗauko ta daga intanet, ga shi rezo a unguwarmu ba ya sauka sai a gindin wani gawo a bayan gari. Can na tsaya da tsakar rana, waya a sama, hannu ya sage, wata tsohuwa mai itace ta dube ni ta ce, "Allah ya ba ka lafiya, ɗan nan."

Na harhaɗa Leptonica, Tesseract ta ce ba ta gan ta ba. Ga ta a zaune cikin kwamfutar, ina kallonta! Ashe sai da ɗan aike mai suna pkg-config, shi ke nuna inda kowa yake. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, kwamfuta ba ta taɓa faɗin duk bukatarta a zama ɗaya. Sak neman aure a gidan da ba a son ka: ka gaishe da baffa ya tura ka wurin gwaggo, gwaggo ta ce ai maganar tana hannun wani kawu a Dan Issa.

Da Tesseract ta haɗu, na kira ta, ta ce ba ta san hanyar ma'ajiyarta ba. Aka ce in buga ldconfig. Na buga. Na miƙa mata hoto, ta ce ba ta san PNG ba. Dalili? Lokacin da na gina Leptonica babu libpng-dev, ita kuwa ta yi gum, ta ginu a haka ba ido. Libpng ɗin ma yana nan, amma na amfani ne, na gini daban yake, mai wutsiyar dev. Shi kuma sai da zlib. Na koma gindin gawo, jakar sefa ta bi ƴar'uwarta, na rushe komai na sake daga tushe, batir na kuka, rana na faɗuwa a kan panno.

Daga ƙarshe ta tashi. Na tara shugaba da ma'aji su shaida. Ta nemi kundin harshe. Na Faransanci akwai, na Yarbanci da Suwahili ma akwai, na Hausa babu. Na ba ta na Faransanci, na ɗora mata shafin farko, rubutun biro na sakatarenmu. Ta yi dogon nazari, ta fito da layi biyu na ɗige-ɗige da alamar tambaya.

Na buga wa yaron waya. Ya ce, "Kawu, ai bugun inji take karantawa. Na hannu ne?"

Ma'aji ya gyara hula ya ce, "Malam, kuɗin intanet ɗin nan, a wane shafi zan rubuta shi?"