Wannan Na Ƙasar Sanyi Ne

A unguwarmu ba a buɗe bonet a ɓoye. Ko da sassafe ka ɗaga shi, kafin ka samo sandar da za ka tokare shi da ita, tunda ƙarfen tokarewar ya ɓace tun zamanin mai motar na uku, za ka ji sallama a bayanka. Na farko ya ce wucewa yake yi. Na biyu ya zo neman na farko. Kafin la'asar an kai mutum bakwai a gindin darbejiya, an aiki yaro wurin mai shayi ya karɓo jabana, wato kofi, kowa ya naɗe hannun jallabiya kamar shi ne zai yi aikin, alhali ba wanda zai taɓa ko noti ɗaya. Haka muke a Umdurman ta Sudan, haka muke a Mayo da Inkaz, kuma 'yan uwanmu na Maiwurno in sun zo ziyara ba sai an koya musu ba. Kakanninmu sun taho daga Sakkwato da Kano da Katsina a ƙafa da kan jaki, wasu kan hanyar hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, amma in ka ji mu muna fatawa kan inji sai ka rantse da sifana aka yanke mana cibiya.

Ni ma da nake ba ku labarin ban fita ba. Na sayi tsohuwar boksi, wato Toyota Hilux mai buɗaɗɗen baya, wadda ta sha hannu har ba a san adadin iyayen gidanta ba, na ce ni da kaina zan tashe ta, don kuɗin da usta, wato makanike, ya yanka mini ya kusa kai rabin kuɗin motar. Na shimfiɗa tabarma, na kwance duk abin da ruwa ke bi a cikinta, na jera. Da na zo mayarwa komai ya koma gidansa, sai abu uku suka zauna suna kallona. Wani ɗan kofin ƙarfe mai sifirin a jiki. Wani ɗan abu mai zare kamar noti, da nonuwa biyu na roba a kansa. Sai wani tiyo da ya fito daga inji, ya yi kwana, ya sake komawa inji, bai je ko'ina ba, kamar mai zuwa biki da ya tarar an watse.

Majalisa ta duba, ta juya, wani har ya sansana. Daga nan Kawu, wanda bai taɓa tuƙa ko raksha mai ƙafa uku ba, ya kurɓi jabana ya yanke hukunci:

"Ɗana, cire ka ajiye. Wannan na ƙasar sanyi ne."

Kowa ya gyaɗa kai. To ai magana ta ƙare. Wannan jumla ita ce littafinmu na gyaran mota daga bango zuwa bango. Duk abin da ba mu san sunansa ba, Japanawa ne suka sa shi saboda ƙanƙara. Duk wayar da ba mu ga inda ta nufa ba, ta ƙasar sanyi ce. Mu da muke zaune a garin da zafin Mayu da Yuni ke haura digiri 40 kusan kullum, wata rana ya leƙa 45, mu ne muka fi kowa ƙwazo wajen rage kayan da ke kula da zafin inji. Kuma mu ɗin nan ne, in Janairu ya zo sanyin dare ya sauka wajen 15, za ka gan mu a naɗe da rawani da mayafi muna karkarwa a bakin mai shayi kamar an kai mu Rasha.

Sunayen ma abin kallo ne. Harshe uku muke da shi a ƙarƙashin bonet, kuma ba wanda muka riƙe har ƙarshe. Wanda ya taɓa zama Kano ya ce lagireto, ɗan nan ya ce ladetar. Wancan ya ce tiyo, wannan ya ce hartush. Wata famfo a bakin ɗaya, turumbar moya a bakin ɗaya, fambel can, sair nan. In aka zo kan abin da ba shi da suna a duka harsunan sai mu koma na huɗu, wanda kowa ya iya: "abin nan da ke kusa da abin nan."

Ɗan kofin nan mai sifirin shi ne babban maƙiyinmu. Balf alharara ake ce masa a nan, tamostat a Najeriya, kuma ban san motar da ta kwana uku a hannun ɗayanmu da shi a cikinta ba. Laifinsa a wurinmu wai yana tare ruwa. Ana wannan zafi, wane mai hankali zai sa wa ruwa ƙofa? Sai da na kai shi wurin wani tsohon usta a Mantika ta Umdurman, unguwar makanikai da 'yan kayan gyara, irin dattawan da suka yi ƙuruciyarsu suna ƙera sifinja, wato tsohuwar Bedford ɗin Ingila da maƙeran Sudan suka sake wa ƙashi da jijiya har ta ci gaba da ratsa yashi bayan kamfanin ya daina yin manyan motoci tun shekarun 1980. Dattijon bai ce mini komai ba. Ya karɓi butar shayi, ya jefa abin a ruwan zafi, muka zuba ido, sai ga shi yana buɗe baki a hankali kamar jariri mai hamma. Ya nuna mini lamba 82 da aka buga a jikinsa. Ashe kaki ne irin na masana'anta a cikinsa, in ruwa ya kai wannan zafin sai ya narke ya kumbura ya tura ƙofar. Mu kuwa da ranarmu, ƙofar a buɗe take wuni, ba abin da take tarewa. Sannan ya juya shi ya nuna mini wani ɗan faifai a gindinsa. A injuna da yawa, in ƙofar gaba ta buɗe, faifan nan ne ke rufe wata gajeriyar hanya ta cikin inji, don dole ruwa ya bi ta lagireto ya sha iska. In ka cire shi, wani ruwan sai ya riƙa zagaye a gida bai ga lagireto ba, ruwa kuwa ba ya son wahala, kamar mu. Har ɗan ƙarfen nan da ke kaɗawa a gefensa, wanda majalisa ta ce alamar ya karye ne, da gangan aka sa shi, hanyar fitar iska ce, kuma sama ake juya shi.

Na dawo gida da ilimi fal ciki. Na faɗa wa majalisa. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Madalla, amma dai cire shi." Abin da babba ya hango, in ji shi, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma a Umdurman rimin ma babu.

Abin haushin shi ne, kan tiyon nan mai kwana Kawu ne da gaskiya. Asalinsa tiyo biyu ne da ke kai ruwan zafi zuwa wata ƙaramar lagireto a bayan dashbod, wadda ke ɗumama ƙafar direba a ƙasashen da ake bukatar haka. Wani daga cikin magabatana ya ga tana ɗiga a kan takalminsa, ya haɗa bakin tiyon biyu ya huta. Wannan kam na ƙasar sanyi ne, ba gardama. To wannan gaskiya guda ɗaya ita muka riƙe shekara da shekaru muna yanka da ita, kamar maharbin da ya taɓa kashe zaki sau ɗaya, yanzu ko akuya ya harba sai ya ce zaki ne ya rame. Kuma wanda ya haɗa tiyon mai kirki ne. Yawancinmu tsohon fulogi muke cusawa a bakin, mu ɗaure da waya, in babu fulogi a feƙe reshen darbejiya.

Mai nonuwa biyun kuwa, shi ma dattijon ne ya warware: gindinsa yana cikin ruwa yana jin zafi, in inji ya ɗumama sai ya buɗe wa iska hanya zuwa kafireto. Nonuwan sun bushe, taɓawa ɗaya suke jira su karye, shi ya sa a kowace tsohuwar mota za ka same shi da guntu.

Amma in ana maganar abin kunya, ku zo mu leƙa gaban lagireto. A nan za ka ga wata siririya mai kama da ita, har wani maƙwabcina direban amjad, ƙaramar motar haya, yana alfahari wai motarsa lagireto biyu gare ta. Ta iyakwandishan ce, wadda ta mutu tun kafin a haifi ɗansa na fari. Ƙurar guguwar habub ta cika ramukanta ta daskare kamar bangon laka, ta tsaya ƙiƙam tana tare iskar da ta bayanta ke nema. Ga abin da ya cancanci a cire, ko aƙalla a wanke. Shi ne kaɗai ba mu taɓawa, don wata rana in Allah ya kawo buɗi za a gyara sanyin. Mai aiki mun sallame shi, mai barci a bakin ƙofa muna ba shi abinci.

Murfin lagireto ma wani babi ne. Mun ɗauke shi murfi kawai, kamar na tulu, in ya ɓace a ɗauko na wata mota, in ba ya kamawa a sa leda a ƙarƙashi. Ba ma kula da 0.9 ko 1.1 da ke rubuce a kansa, alhali matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120. Idan mota ta tafasa a kan gadar Fitaihab da tsakar rana, Farin Nilu na gudana a ƙarƙashinmu kamar yana mana dariya, ba murfin muke zargi ba, sai mu ce ido ne. Mu buɗe baya mu ɗauko jarka, don ba direban da ke fita ba jarka, mu ɗura mata ruwan famfo, ruwan randa, ruwan da duk ya samu, har da lakarsa in damina ce. Ruwan nan kore ko ja da ake sayarwa don hana tsatsa kuwa, kun san hukuncinsa, sunansa ma na hana ƙanƙara ne. In ta fara yoyo sai a koma kicin: wannan ya ce ɗanyen ƙwai, wancan ya ce garin barkono, wata gwaggo daga bayan katanga ta ce lalle, wani ya ce ganyen shayi. Na taɓa buɗe wata lagireto, na rantse da an ƙara gishiri da albasa da an ci da kisira.

Sai allurar dashbod. Mai sayar da mota zai dafa ƙirji ya ce maka, "Ya zol, allurar nan ba ta taɓa motsi ba." Gaskiya ya faɗa. Wayarta guda ɗaya ce, tana can tana lilo a gefen inji an cire ta daga kan ɗan abin da ke auna zafi. Fanka mai lantarki kuma mu haɗa ta kai tsaye, ta tashi da makulli ta kwanta da makulli, ɗan makunnin da aka ɗora wa wannan aiki ya zama ɗan kallo.

Zuwa sayen isber, wato kayan gyara, kuwa ibada ce mai zaman kanta. Mai shago a Mantika, ta Hartum ce ko ta Bahri ko tamu, ba ya tambayar suna, ya san ba mu sani ba. Cewa yake a kawo aina, wato samfuri. Don haka za ka ga dattijo mai mutunci, farar jallabiya an sha guga, aljihu ya yi baƙi da tsatsa, yana bin shago shago yana zaro ƙarfe kamar mai tallar laya. Daga nan a tambaye ka, asali ko tijari, wato kwaikwayo? Ka ce asali, ka ji kuɗi, ka ce to a ga tijarin, ka ƙare a wurin masu tashli, inda ake farke matattun motoci, irin Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. In aka ce ka kawo lambar shasi, nan ma ba tsira, don gangar jikin daga wata mota, injin daga wata, lagireton na mota mai giya otomatik, da ƙananan bututu biyu a ƙasansa na sanyaya man giya, waɗanda muke toshewa da kyau don kada ruwa ya zube, ko da yake ruwa bai taɓa bi ta nan ba. Balle motocin da aka shigo da su ta Libiya da Cadi ba takarda, waɗanda mutanen Sudan suka laƙaba wa suna Boko Haram, mu Hausawa muna ji muna kau da kai. Waɗannan ko uwarsu ba ta san abin da ke cikinsu ba.

Duk da haka ba ma yar da komai. Abin da muka yanke wa hukuncin rashin amfani, gwangwanin madara muke nema mu adana shi a ciki, a ɗora kan katanga ko a tura ƙarƙashin gadon angareb, uwargida ta yi mita har ta gaji. Kowane gida da gwangwaninsa. Ba mu yarda da abin ba, ba mu kuma yarda mu rabu da shi ba.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, da yawanmu mun rufe ƙofa mun bar motoci a tsakar gida. Waɗanda Allah ya nufa da dawowa bayan 2025 ta kama, wasu ba su tarar da motar ba sam, wasu sun tarar da ita a kan duwatsu, ba taya, ba batir, ba lagireto, an zare wayoyi saboda jan ƙarfen da ke ciki. Wannan ba abin raha ba ne, kuma akwai kujerun da ba kowa a kansu yanzu a gindin darbejiya, Allah ya ji ƙansu. Sai dai ɓarayin nan, duk haɗamarsu, ba wanda ya ɗaga gwangwanin madara. Na tarar da nawa inda na bar shi, ƙura ta rufe, balf alharara yana ciki lafiya lau, shi kaɗai ne abin da ya rage na asali a duk motar.

Da na sake tashin motar, na mayar da shi gidansa da dare, ba wanda ya gani, ɗan ƙarfen yana sama kamar yadda dattijo ya ce. Kawu ya saurari injin washegari ya ce, "Ka gani ko, tunda ka cire shi ta daina zafi." Na ce haka ne, Kawu. Don Allah wanda ya karanta wannan kada ya kai masa labari, kuma wanda ya ari sifana mai lamba 12 tun kafin yaƙi, na san ya dawo, na gan shi a masallaci ranar Juma'a, ya taimaka ya aiko yaro da ita.