Jinjina Ga Masu Ƙera Jiragen Da Suka Gagari Awo

Ranku ya daɗe, sarakunan alƙalami, maƙeran da ba su taɓa hura wuta ba, masu gina jirgin sama jannati da tawada kaɗai! Duniya ta shaida bajintarku.

Gaba salamun baya salamun, E. E. Smith na Amurka, gagara gasa, uban tafiya. A labarinsa Skylark of Valeron na 1934 ya ƙera jirgi mulmulalle mai faɗin kilomita 1,000, ya zuba masa matafiyan da ba su cika yatsun hannu biyu ba. Wannan ita ce karamci. Kowane fasinja da filin da ya ishi al'umma guda, kuma marubucin, saboda tsabar dattaku, bai wahalar da mu da zancen wanda zai yi shara ba.

Sai Arthur C. Clarke, ɗan Ingila, toron giwa mai tafiya da ƙasaita. Jirgin Rama da ya kawo mana a 1973 tsawonsa kilomita 50, da teku a cikinsa, da birane babu mazauna. Mutanen da suka shiga bincike kuwa, malam ya tausaya mana, bai ɗora musu nauyin hali ko zuciya ba, don kada su tare wa mai karatu kallon bango. Jirgin ya zo, ya zaga rana, ya wuce abinsa ko sallama babu. Haka manya suke.

James Blish ya ga ƙera jirgi ɓata lokaci ne, sai ya tumɓuke birnin New York ɗungurungum ya cilla shi sararin samaniya. Shi ko Robert Heinlein, girman jirginsa ya kai har jikokin matuƙan suka manta cewa a jirgi suke.

Abin kunya sai injiniyoyi, masu ƙaramar himma, masu lissafin mai kamar ba 'ya'yan manya ba. A 1969 suka cusa mutum 3 a wani ɗan akurki mai faɗin mita 4, suka kai su wata, suka dawo da su da rai, wai su sun yi abin a zo a gani. Tashar sararin samaniya da ƙasashe suka haɗa ƙarfi suka shafe shekaru suna harhaɗawa ma mita 109 ce kacal.

Marubutan gobe, ku yi koyi da magabata: duk inda labari ya tsinke muku, ku ƙara wa jirgin sifili uku.