Faifan da Ya Yi Yaji Zuwa Kibiya

A wajenmu, daga Rano har Kibiya da Bunkure, duk wanda ya ajiye kwamfuta da injin fotokofi a shago sunansa Injiniya, ko da iyakar iliminsa buga katin ɗaurin aure da cike wa yara fom ɗin JAMB. Ni ma haka aka laƙaba mini. Sunan da daɗin ji, amma duk bikin da ya taso a dangi kai ne mai ɗaukar bidiyo, kuɗin aikinka kuwa "Allah Ya bar zumunci".

Da Gwaggota ta Kibiya ta tashi aurar da autarta, na ɗauki komai, tun daga kamu har buɗar kai. Na juye a had-dis ɗin kwamfutar shago, faifai mai cin tera 1, na ce sai na huta in tace in sa kiɗa. Ban kai ga hutawa ba damina ta sako kai. Wani dare aka kwana ana tsawa a kan duwatsun Rano, da safe na danna makunni, kwamfuta ta yi kunnen uwar shegu da ni. Bod ya ƙone, har ƙauri yake yi.

Na kinkime ta zuwa Kano ta Bunkure da Karfi. Wani mai gyara a birni ya ce faifan lafiyarsa ƙalau, sauran kuwa sai 'yan gwangwan. Ya sayar mini da wata 'yar Beljiyom mai faifan SSD na giga 128, irin wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa, kafin ka gyara zama ya gama tashi. Don kada in rasa CorelDraw da Photoshop, ya kwafe sashen Windows na tsohon faifan sukutum ya ɗora a kan sabon. Bidiyoyin sun fi ƙarfin giga 128, don haka suka zauna a sashen D na tsohon. Ya naɗe mini shi a baƙar leda, ya haɗa ni da wata 'yar igiya ta USB. "Oga, kana isa gida ka jona, shi ke nan."

Na isa gida na jona. Ko tari faifan bai yi ba. Abin da bawan Allahn nan ya manta bai faɗa ba shi ne, igiyar ta ƙaramin faifan laftof ce, mai inci 2.5, wanda bolt 5 ɗin USB ke isarsa. Nawa babba ne, mai inci 3.5, kuma injin da ke juya shi sau 7200 a minti ba ya motsi sai an ba shi bolt 12.

Kafin la'asar labari ya kai majalisar ƙofar shago. Mai shayi ya ce a binne faifan cikin buhun shinkafa, don haka aka ceto wayar ƙaninsa da ta faɗa kwata. Tun da aka gama dam ɗin Tiga na zamanin Audu Bako a 1974 shinkafa ta wadata daga Kura zuwa Bunkure, har ta zama maganin kowace irin na'ura. Na tuna masa faifan bai jiƙa ba. Ya ce rigakafi ne. Mai faci ya ce a ɗan ƙwanƙwasa shi da sifana, haka yake ta da injin iskarsa. Mai cajin waya, wanda ya fi kowa kusa da ilimin, ya ce, "Injiniya, ka yi masa fomat kawai, zai dawo garau." Gaskiyarsa, zai dawo garau, ba amarya ba ƙawaye ba Gwaggo. Fomat yana share jerin da kwamfuta ke bi ta gano inda kowane fayil yake, kuma da zarar ka zuba sabon abu a kai, na da ya tafi ke nan. Na sa faifan a aljihu na hana kowa taɓawa.

Na ari sukundireba na buɗe cikin sabuwar kwamfutar. Faifan SATA igiya biyu yake so: siririya mai haƙora 7 ta bayanai, da mai faɗi mai haƙora 15 ta wuta. Na laluba lungu-lungu, babu ta rara ko ɗaya. Sai na zare na injin DVD na ba shi. Ina kunnawa na ɗora tafin hannu a bayansa, na ji yana kaɗawa a hankali, da ɗan ɗumi. Na yi hamdala da ƙarfi har mai shayi ya leƙo.

Ana murna sai allo ya tsaya da baƙin rubutu, wai kwanan wata ya ɓace, in danna F1. Kwamfutar ta koma shekarun baya, zamanin da amaryar ma ba ta gama firamare ba. Na ce ga ɓarawon. Ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3, wanda ke riƙe wa bod agogo da saiti idan an ɗauke wuta, a wajenmu kuwa ba ya samun hutu. Na samo sabo wurin mai gyaran agogo na sa. Agogo ya daidaita tsaf. Na shiga BIOS, ga faifan nan da sunansa da giga 1000 ɗinsa. Na shiga Windows, sai C kaɗai, tana zaune abinta.

Daidai nan Gwaggo ta kira.

"Ɗan nan, ina fim ɗinmu? 'Yan Tarai da suka yi biki bayanmu har sun gaji da kallon nasu."

"Gwaggo, yana nan. Kwamfutar ce ba ta ganin faifan."

"Kai kana ganinsa?"

"Ga shi a gabana."

"To ita makauniya ka sayo? Alhaji ya ce ka zo da bakinka."

Acaɓar da aka hana a cikin birnin Kano tun 2013 tana nan da ranta a wajenmu. Na hau bayan wani yaro da bai yarda da birki ba, faifai cikin leda biyu a ƙirjina, hadari na binmu har Kibiya. Na tarar da Alhaji, mijin Gwaggo, a soro da mutanensa. Na durƙusa na gaishe shi na miƙa shaida. Ya juya faifan, ya auna nauyinsa a tafi, ya kara a kunne, sannan ya girgiza shi kamar yadda ba a girgiza faifai.

"Ranka ya daɗe, a hankali."

"Duk taron nan yana cikin wannan? Har da raƙuman mutanen ango?"

"Har da su, ranka ya daɗe."

"To ai ka ga dalili. Ya cika ne."

Aka aika a kira wani yaro mai gyaran waya a bakin kasuwa. Ya zo da laftof da wani ɗan akwati mai nasa abin jona wuta, aka ta da janareta, ya zura faifan. Ban gama bayanin wahalar da na sha ba sai ga shi ya fito a allo, sashe biyu reras. Yaron ya danna, ga amarya an lulluɓe ta, ga Gwaggo tana liƙi. Daga cikin gida aka rangaɗa guɗa. Soron ya juyo ya dube ni gaba ɗaya. Wani dattijo ya ce, ba da ni yake ba wai, yaran yanzu in sun karɓi aikin kuɗi sai su ajiye na dangi.

Na ce a kwafe a filashi kowa ya huta. Filashin yaron ya ƙi karɓa, ga wuri fal amma ya ce fayil ɗin ya yi girma. Tsarin FAT32 gare shi, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga 4, nawa kuwa ɗanyen ɗauka ne, ba a yanke ba, ba a tace ba. Tacewar kuma sai a kwamfutata. Na maida faifai leda na kamo hanyar Rano da tuwon da Gwaggo ta ƙulla mini ba tare da ta dube ni ba.

A shago na mayar da shi mazauninsa, na kunna. C kaɗai.

Mai shayi ya saurari labarin yana fifita wuta, ya yanke hukunci. "Injiniya, wannan ba ciwo ba ne, yaji ne. Shekara da shekaru faifan nan yana yi maka bauta, rana ɗaya ka yi masa amarya, ka kwashe kayan ɗakinsa ka ba ta. A Kibiya ya sake da kowa, a gidanka ya ɗaure fuska. Biko za ka yi." Majalisa ta amince baki ɗaya, har ana shawarar turmin atamfa.

Mai bikon ta zo da kanta: 'yar yayata, ɗaliba a reshen kwalejin fasaha ta jiha da ke nan Rano, ta shigo a buga mata aikin makaranta, kyauta ita ma. Ta ji bayani, ta ce, "Kawu, ɗan matsa." Ta danna maus ta dama a kan alamar Windows, ta buɗe shafin da ake kira Disk Management, inda kwamfuta ke jera duk faifan da ke jikinta, har wanda ba ta ba harafi ba. Ga nawa nan a layi na biyu, da ɗan jan tambari, an rubuta yana oflayin. Ta ɗora maus a kai, bayani ya fito: lambar shaidarsa ta yi karo da ta wani faifan.

Ta warware mini zancen. Faifai mai tsohon tsarin MBR yana da lambar shaida a farkon farkonsa, alamomi 8 na lambobi da haruffa. Da ita Windows ke gane shi. C da D suna ne kawai da ake raba wa duk wanda ya shigo. Da mai gyaran birni ya kwafe tsohon a kan sabon, har lambar ya kwafe. Windows ta ga faifai biyu da shaida ɗaya, ta riƙe wanda ta tashi da shi, ta ajiye ɗayan gefe ba ta taɓa ko fayil guda ba. A laftof ɗin Kibiya babu mai irin lambarsa, shi ya sa ya fito ba gardama.

Ta danna dama, ta zaɓi onlayin. Windows ta yanka masa sabuwar lamba, ya bayyana nan take. Ta gargaɗe ni cewa tsohuwar Windows ɗin da ke kansa ba za ta ƙara tashi da sauƙi ba, tunda da tsohuwar lambar ta san gida. Sashen bidiyo ya fito da harafin E, ta mayar masa da D ɗinsa. Mai shayi ya ce duk abin da yarinyar ta faɗa shi ya riga ya faɗa, Turanci kawai ta ƙara.

Na tace fim, na sa kiɗa, na tura wa Gwaggo ɗanɗano ta WhatsApp. Da daddare ta kira.

"Ɗan nan, wa ya ce ka riƙa haska matar can? Ni na haifi yarinyar ko ita? Duk inda ta fito ka goge."

Ban ajiye waya ba abokiyar zamanta ta kira, ta ce ta ji an yi fim, tana fatan ba a yanke wurin da ta ba da kujeru ba. Alhaji ya raba gardama da asuba: a yi fim biyu, kowane ɗaki da nasa, shi kuma a haɗa masa na raƙuma zalla.

"Kuma a faifan DVD muke so," in ji Gwaggo, "wanda ake sawa a talabijin, ba na latse-latse ba."

Na dubi injin DVD, wanda igiyoyinsa biyu ke jikin had-dis. Na aiki yaro wurin mai faci ya sake aro sukundireba. Ya dawo ya ce mai faci ya ce ba zai bayar ba, sai dai ya zo da kansa, da sifanarsa.