Da Mota Ake Zuwa Tafiyar Ƙasa

Duk safiyar Asabar bakin tafkin Jabi kan cika da wata al'umma da kakanninmu ba su san irinta ba, wato mutanen da suka shigo mota tun daga Maitama da Asokoro da Gwarinpa domin su zo su yi tafiyar ƙasa. Direba zai ajiye Oga daidai bakin ƙofa, kada ya wahala kafin ya fara wahalar da ta kawo shi. An sha farin takalmi mai tsada, an ɗaura tawul a wuya tun gumi bai zo ba, an ɗauki hoto don 'yan WhatsApp su shaida. Zagaye biyu, sai a koma mota, a biya ta wurin mai masa a mayar da abin da aka ƙona har da riba. Sai kuma wata Asabar, in Allah ya kai mu.

Ba fitowar ce abin dariya ba, sauran kwana shidan ne. Babban mutum a Abuja ya ɗauki ma'aikata musamman don su raba shi da duk wani motsi. Maigadi ya buɗe ƙofa, yaro ya ɗauko jaka, masinja ya kai fayil ofishin da ke jikin nasa, lifta ta hau da shi bene na biyu. Masallacin da yake jin kiran sallarsa daga falo ma da mota ake zuwa. Rimot na kan kujerar da ke gabansa, amma sai an ƙwala wa yaro kira daga bayan gida ya zo ya miƙo. Bayan ya gama biyan kuɗi an kwashe masa motsin, sai ya sake biyan wasu a ɗakin motsa jiki don a sayar masa da shi, kamar mai rijiya a tsakar gida da ya toshe ta ya koma sayen ruwan leda. Kuma duk abin a tufafi yake. Darakta ya ratsa Wuse a ƙasa da babbar riga, kafin azahar labari ya zaga cewa an cire shi, ko an ƙwace motar. Ya bi wannan hanyar da gajeren wando da hular hana-sallah, sai ka ji ana cewa, "Ai Yallaɓai akwai kula da lafiya."

Zuciya kuwa ba ta san wannan bambanci ba. A 1953 wani likitan Birtaniya, Jerry Morris, ya kwatanta direbobin bas mai bene na birnin Landan da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, sai dai direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana ta hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi saurin kashe su. Kwandastan nan bai yi rajista a ko'ina ba. A 2017 wani babban bincike da ake kira PURE, wanda ya bi mutum kusan 130,000 a ƙasashe 17, masu arziki da matalauta, ya gano cewa yawan motsi na tafiya da raguwar ciwon zuciya da mutuwar wuri, ko motsin na wasa ne, ko na aikin gida, ko na tafiya wurin nema. Hukumar Lafiya ta Duniya da ke cewa baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ba ta ce sai da rasit ba. Shara da wanki da taka sayyada duk ta lissafa su. Akwai kuma labarin da Oga ba zai so ji ba: nazarin da Ulf Ekelund da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ya nuna mai zaman awa takwas a rana yana bukatar motsin minti 60 zuwa 75 kullum kafin ya goge haɗarin zaman. Kullum aka ce, ba ranar Asabar ba.

Wani zai ce, to in haka ne ai ɗan ga-ruwan da ke tura kura mai jarka goma a hawan Mpape, da matar Gbagyi da ke tafe da dakon itace a kafaɗa, su ya kamata su binne kowa. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma bai kamata mai ƙoshi ya yi wa talauci kirari ba. Masu bincike a Kofanhegan, ciki har da Andreas Holtermann, sun nuna cewa aikin ƙarfi na yini guda ba ya ba da amfanin da motsin ganin dama ke bayarwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: awa goma ana abu ɗaya, ba hutu, jini na sama, baya na ƙara. Ƙara masa da rashin abinci mai kyau da rashin kuɗin asibiti. Amma wannan hujja ce ta a sauƙaƙa wa ɗan ga-ruwa, ba lasisi ba ne ga wanda ko butarsa ba ya cikawa da kansa. Tsakanin tura kura da kiran yaro ya miƙo rimot akwai fili mai faɗi, kuma ba wanda ya ce Oga ya ƙarasa ɗaya ƙarshen.

Wani kuma zai ce garin ne ba a gina shi don mai ƙafa ba. Gaskiya ne. Tun da gwamnati ta taso daga Legas a 1991, Abuja ta ɗauka kowa da motarsa aka haife shi. Tituna faɗi-faɗi, unguwanni nesa da juna, gadojin masu tafiya a ƙasa wasu sun zama kasuwa, ga ranar watan Maris, ga tsoron ɓata-gari da dare. Sai dai ma'aikacin da ke fitowa daga Nyanya ko Kubwa, wanda tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 yake sauka tun da nisa ya ƙarasa a ƙasa don ya rage kuɗin mota, shi ma a garin yake. Kuma tsarin birni bai hana kowa matakalar Sakatariya ba, bai ce sai an kai hancin mota bakin rumfar mai tumatir a kasuwar Wuse ba.

Ɗakin motsa jikin ma ba a ce a rufe shi ba. Tsoka na zubewa da shekaru, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi aikin ƙarfafa ta aƙalla kwana biyu a mako, kuma wanda ke zuwa da gaske yana cin riba. Matsalar ita ce mai biyan kuɗin shekara a watan Janairu, ya je sau uku, ya bar katin a aljihun mota yana yi masa aikin laya.

Yanzu kuma yayin agogo mai ƙirga taku ake yi, kowa na farautar 10,000. Wannan adadi ba daga asibiti ya fito ba, daga tallar wata na'urar ƙirga taku ne da wani kamfanin Japan ya fitar a 1965. Binciken I-Min Lee ta jami'ar Harvard a 2019, kan tsofaffin mata, ya ga amfani tun daga taku 4,400, amfanin kuma ya daina ƙaruwa wajen 7,500. Masinjan da ke yawo da fayil daga bene zuwa bene yana iya cika wannan bai sani ba, alhali agogon Oga na ta girgiza yana roƙonsa ya miƙe tsaye. Yadda garin nan ya ƙware wajen wakilta aiki, saura kaɗan a fara ɗaura wa masinjan agogon da safe, a karɓa in an tashi.