Kaɗan Ta Bugu, Alhaji

Mu dai mutanen Katsina Allah ya yi mu da son mota, kuma ba mu taɓa ɓoyewa ba. Zauna a kowace majalisa bayan la'asar, daga Ƙofar Soro zuwa Rafin Daɗi har Sabuwar Unguwa, za ka ji hira ta faro daga tsadar masara, ta ratsa ta siyasa, ta zo ta yada zango a kan mota. Wanda ko keke bai da shi ya san kuɗin Corolla ta 2010, ya san Camry mai silinda huɗu da mai shida, in ka ja da shi har rantsuwa zai yi maka. Malamin makaranta yana da motar da yake saye a zuci duk ƙarshen wata, angon da bai gama haɗa lefe ba ma sai ya rage gudun babur duk inda ya ga an jera na sayarwa a bakin titi.

Iyayenmu sun ci zamanin da ma'aikaci zai karɓi bashin mota ya ɗauko Peugeot 504 sabuwa dal daga kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975, ya yi wata shida bai cire ledar kujera ba. Mu kuwa a kan 'yan Kwatano muka buɗe ido, waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwan Jamhuriyar Binin, a ratso da su Nijar ta Gaya da Maraɗi da Ɗan Issa, su faɗo mana ta Jibiya. Daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin ɗanmu Buhari ta hana shigo da mota ta kan iyakokin tudu, aka ce sai ta tashoshin ruwa irin na Legas. Aka zo 2023 aka cire tallafin mai, aka saki naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin da mutum ya tara don mota lafiyayya sai ya wayi gari ko rabinta ba zai saya ba. To, a nan ne bugaggiyar mota ta samu shiga gidajenmu, kuma gaskiya ba ta shigo da ƙarfi ba, mu muka shimfiɗa mata tabarma.

Ga yadda abin yake a can. A Amurka idan mota ta yi haɗari, kamfanin inshora yakan lissafa kuɗin gyara ya gwada da darajarta. A jihohi da dama in gyaran ya kai kashi 75 cikin 100 na kuɗin motar, sai su biya mai ita su karɓe ta, hukumar jiha ta buga wa takardarta shaidar cewa ta tashi daga aiki, ba ta sake hawa titi sai an gyara an duba an amince. Daga nan sai filin gwanjo, irin na Copart da IAA, inda 'yan kasuwarmu ke taya su ta intanet suna zaune a Kano ko Legas. Ladan bakanike a can tsada gare shi ƙwarai, shi ya sa motar da bamba da fitila da bonet kawai ta rasa za a iya yafe ta, alhali a nan fanbita ɗaya da yaransa biyu za su tashe ta cikin mako. Irin wannan riba ce halal, kuma ana samun ta. Amma a fili ɗaya ake jera ta da wadda ta wuntsila sau uku, da wadda shasinta ya lanƙwashe, da wadda ta kwana cikin ambaliya. Duk jirgi ɗaya ke kwaso su, duk fenti ɗaya ke rufe su.

Sai ranar zuwa ganin mota. Mu ba ma zuwa mu kaɗai, sai an yi gayya: aboki ɗaya da ya taɓa zama a Legas, ƙanen matarka mai ilimin waya, maƙwabci da ya biyo don kawai ya ji ana tafiya, da bakaniken da kuka ɗauko daga gareji da alkawarin kuɗin shayi. Da isa kowa ya kama aikinsa. Wannan ya harbi taya da ƙafa, wancan ya ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa yana kasa kunne, bakanike ya taka totur har unguwa ta amsa, ya tara hannu a bakin salansa, ya shinshina, ya gyaɗa kai ya ce, "Injin nan ruwa ne, Alhaji." Sai a kunna esi, kowa ya miƙa tafin hannu a gaban iska, in sanyi ya bugo shi ke nan rabin ciniki ya faɗa. A gwada rediyo, a ɗaga gilas a sauke, a duba ko rufin sama yana buɗewa. Cikinmu babu mai tambayar ko akwai eyabag a cikin sitiyarin nan, jakar iskar da ke fashewa ta tare ƙirjin direba ranar tsautsayi. Sau da yawa ta riga ta fashe tun a can, an yanke ta, an manne murfin, an cire ƙwan fitilar da ke tona asiri a dashbod.

Abin da ke ba ni mamaki, mu ɗin nan ne fa idan layya ta matso muka je kasuwar Charanchi ko Mai'aduwa, sai mun buɗe bakin rago mun ƙirga haƙora, mun duba ido, mun duba kunne, mun sa an ja shi ya yi tafiya a gabanmu ko yana ɗingishi, don mun san mai aibi ba ya layya. Ragon da za a yanka jibi ke nan. Motar da za ta ɗauki uwargida da yara biyar zuwa biki a Funtuwa kuwa, ƙyallin fenti ya wadatar da mu.

Shi kuma dillali, Allah ya ba shi baki. "Ranka shi daɗe, wannan fas bodi ce, ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba. Wata tsohuwa ce ke hawanta a can, daga gida sai coci." Tsohuwar nan ta Amurka ta sayar wa Katsinawa motoci fiye da kowa, kuma har yau muna jin daɗin labarinta. In idonka ya kai ga wani wuri da launi ya ɗan saɓa, sai ya yi murmushi ya dafa kafaɗarka: "Kaɗan ta bugu, Alhaji, wajen loda ta a jirgi ne." Kai kuma sai ka yi shiru. Ana yi mana kirari da Katsinawan Dikko, kunya gare mu ba tsoro ba, to a wurin sayen mota kunyar nan tana cin kuɗinmu. Yaya za ka ce da mutum ya ba ka lambar shasi ka bincika, alhali sahu ɗaya kuke sallar asuba, ƙanwarsa tana auren ɗan baffanka, ranar sunan ɗanka shi ya raba goro? Sai ka ga tambayar kamar ka ce masa maƙaryaci ne. Shi ma ɗin sau tari bai san tarihin motar ba, domin shi ne na huɗu a jerin dillalai, kowa da la'adarsa a kai, kowa ya ƙara wa labarin gishiri kafin ya miƙa wa na gaba.

A cikin motocin nan, wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta ruwa. A 2012 guguwar Sandy ta tura ruwan teku cikin New York da New Jersey, a watan Agustan 2017 Harvey ta nutsar da birnin Houston da ɗaruruwan dubban motoci, a 2022 Ian ta yi nata a Florida. Bayan kowace irin wannan masifa filayen gwanjo kan cika, kuma wani kaso yakan kamo hanyar Afirka ta Yamma. Ka ga mutumin Katsina, garin da sai a yi wata bakwai ba a ga ɗigon ruwan sama ba, yana tuƙa motar da ta sha ruwan gishiri har wuya. Jikinta sumul, babu inda ta lotsa, shi ya sa take shiga rai. Ciwon yana cikin wayoyi da ƙwaƙwalwarta, gishiri yana cin su a hankali. Da rani zafinmu yakan busar da ita ta yi lamo, damina na sauka sai wari ya taso daga ƙarƙashin kafet, yau gilas ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi ta mutu a tsakiyar gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura ana ta yi maka ham. Daga nan kai da mai wayarin kun zama 'yan'uwa, har gaisuwar Sallah yake zuwa gidanka. Araha dai ba ta ado, kowa kuma ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ranar da mota ta shigo layi kuwa, ai biki ne. Yara su kewaye, dattawa su ɗaga hannu, "Allah ya sa a kashe lafiya, Allah ya raba ka da sharrin ƙarfe." A raba sadakar ƙosai, a kai ta gida wurin Hajiya ta sa albarka. Kuɗinta kuma kala uku ne: wanda aka faɗa wa uwargida an rage, wanda aka faɗa a majalisa an ƙara, na gaskiya yana tsakanin mutum da dillali. Washegari sai gareji, a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye wai ƙasarmu da zafi, in wata fitila ta kama a dashbod a liƙa mata baƙin salatif, wani ma ya sa a fasa salansa a ciro abin nan da makanikai ke kira indomi a sayar, a sha mai da kuɗin. Za mu sayi turare, mu sayi rigar kujera, mu rataya carbi a madubi, amma bel sai mu zagaya da shi ta bayan kujera mu maƙala don ƙararrawa ta yi shiru, ba ma jawo shi gaba sai mun hango 'yan Rod Sefti a hanyar Kano. Motar da ba ta da eyabag, direba ba bel, ga shanu na tsallaka titi da magariba a wajen Kankiya. Addu'a muna yi, kuma tana da kyau, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Bayan shekara biyu ta ishe mu, sai mu kai ta a wanke inji, a shafa wa taya mai, a kira dillali. Mai saye ya zo ya nuna wurin nan da launi ya saɓa, sai ka ji bakinka da kansa yana cewa kaɗan ta bugu. Laifi tudu ne, kuma wanzami ba ya son jarfa. Duk mun ji a wurin karatu yadda Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa an rufe da busasshe a sama, ya kuma nesanta mai ha'inci daga al'ummarsa. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa wanda aka ɓoye wa aibi yana da damar mayar da kaya. Mun san wannan sarai, muna ma kawo shi a majalisa idan mu aka cuta.

Ni a ganina sayen bugaggiya ba abin kunya ba ne, kuma a wannan tsadar ita ce motar talaka mai rufin asiri. Sharaɗin kawai ka san inda ta bugu, ka biya kuɗin bugaggiya. Lambar shasi tana nan a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, da kuma jikin ƙofa, haruffa da lambobi 17. Ƙanen matarka mai waya ya rubuta ta a intanet, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ka gan ta yadda take kafin fanbita ya taɓa ta, in ka ƙara 'yan kuɗi a ciro maka rahoton Carfax har da nisan tafiyar da ta yi kafin a mayar da mita baya. Harafi na goma a lambar shi ke faɗin shekarar mota: 8 na nufin 2008, A na nufin 2010, don haka wadda aka sauya wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekara huɗu ba za ta ɓuya ba. Ka murɗa makulli ka ga fitilar eyabag ta kama sannan ta mutu da kanta bayan 'yan daƙiƙu. Ka ɗaga kafet, ka leƙa ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, ka jawo bel har ƙarshe ka duba shatin ruwa. Ka bi jikinta da mayen ƙarfe, inda ya ƙi kamawa fila ce aka cika. A hau da ita rami bakanikenka, wanda ba shi da kaso a la'ada, ya duba shasi ko an yi masa walda. Takardun duti ma a tabbatar da su, kada kwastan su raba ka da ita a hanyar Zariya.

Wadda ta rasa bamba da fitila, saye ta ka yi ta hawa lafiya. Wadda ta sha ruwa ko shasinta ya karye, ko kyauta aka ba ka kada ka sa iyalinka a ciki. Ku kuma 'yan'uwa dillalai da masu sayarwa, don Allah ku riƙa miƙa lambar shasin nan tun kafin a tambaya, ku sauƙaƙa wa mai kunya, ku faɗi aibin ku rage kuɗin, mai rabo zai saya.