Mu da Ciyawar Ƙofar Gida

Mu mutanen layin nan namu na Kaduna ba mu san tsaka-tsaki ba a kan ciyawa. Ko dai mu ƙyale ta ta kai gwiwa, har yara su fara rantsuwa sun ga wani abu ya wuce sululu, ko kuwa mu sa a kwashe ta tas sai jar ƙasa ta bayyana. Kuma duk gidan da ka leƙa, laifin na mai fulawa ne: wai shi ya sayar musu da iri marar kyau.

In ka bi salsala ba abin mamaki ba ne. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne, mun tashi mun ga ana yaƙi da ciyawa tun daga noman firi har maimai. Waɗanda suka yi makarantar kwana kuwa da langa-langa suka san ta, horo ne ga wanda ya makara. A ce mutum ya shuka ciyawa da gangan, ya ba ta ruwa, ya yi mata taki, wannan a gidajen Turawa na GRA muka fara gani. Su kuwa sun daɗe a kai. Tun 1830 wani Baturen Ingila mai suna Edwin Budding ya ƙera injin yanke ciyawa na farko, bayan ya ga yadda wata na'ura ke daidaita gashin yadi a masaƙa. Mun ɗauko ciyawar, mun ɗauko injin, amma hannun namu na mai fartanya ne har yanzu.

Dubi yadda muke ciniki da yaron da ke yawo da inji. Kafin ya ja igiya maigida ya riga ya kafa sharaɗi: "Ka kwantar da ita sosai fa, kada in sake ganin ka sai bayan wata guda." Shi kuma yaro ya ce, "An gama, Alhaji," ya sauke wuƙar injin har ƙasa, ƙura na tashi, tsakuwa na fallatsa tana dukan ƙofar mota. A ganinmu kuɗinmu bai halatta ba sai an yi mata askin ƙwal-kwabo. Akwai ɗan ƙarfe a gefen tayar injin da ake ɗaga wuƙa ko a sauke ta da shi. A layinmu na tabbata akwai injinan da wannan ƙarfen ya yi tsatsa a matakin ƙarshe, don tun da aka sayo su ba wanda ya taɓa motsa shi.

Akwai wani dattijo da ke zama a majalisarmu, ya yi aikin gadina shekara da shekaru a gidajen manyan ma'aikata. Shi ne kullum yake girgiza kai in ya ji ƙarar inji tana cin ƙasa. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma ita ce ƙa'idar masana harkar ko'ina: kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a yanka guda. In kana son ta tsaya a santimita 4, ka yanke ta in ta kai 6. Dalili kuwa, ganyen ne ke haɗa mata abinci daga hasken rana. In ka kwashe shi duka, sai ta koma cin abin da ta tara a saiwa don ta sake toho, saiwar ta gajarce, rana kaɗan ta ƙone ta. Ƙasar da aka bari tsirara kuma ta samu haske, sai ga aya-aya da tuji da guɗe-guɗe sun yi sallama. Daga nan maigida ya tafi kasuwa neman maganin feshi, ya kashe mai laifi da marar laifi.

Rannan wani maƙwabcinmu ya ce masa, "To Baba, ai wannan sai mutum ya riƙa yanka duk mako." Baba ya ce, "A damina kuwa haka ne, Alhaji. Daga Yuli zuwa Satumba ba ta jiran kowa." Alhaji ya lissafa kuɗin fetur a zuci, ya ce shi dai zai kira masu intalok.

Babban abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne ba duka ciyawa ce ɗaya ba. Mu in kore ce, shi ke nan, ciyawa ce. Alhali a ɗan layin nan kaɗai akwai iri uku ko huɗu, kowace da halinta.

Kiri-kiri ita ce 'yar gida, masu fulawa na kiran ta Bahama. Ganyenta siriri ne, tana yaɗo a sama tana kuma bi ta ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa manomi ke tsine mata, shi ya sa kuma ake shimfiɗa ta a filayen ƙwallo a ƙasashe masu zafi. Ita tana son a yanke ta ƙasa-ƙasa, santimita 2 zuwa 4, wato kamar faɗin yatsu biyu, amma a kai a kai. In ka bar ta ta yi tsawo, koren yana komawa can sama, ƙasan duk kara ne busasshe. Ranar da ka zo ka sauke ta gaba ɗaya, sai fili ya koma ruwan ƙasa, ka ɗauka ta mutu. Ba ta mutu ba, kai ne ka makara. Kuma ba ta shiri da inuwa ko kaɗan. Duk wanda ya shuka kiri-kiri a gindin mangwaro ko dalbejiya, ya yi ta ba ta ruwa har ya gaji, ba za ta rufe ƙasa ba.

Mai faɗin ganyen nan da ake kira kafet ita ce ta inuwa da laima. Tana jin daɗi a santimita 3 zuwa 5, a ƙarƙashin bishiya ma a ƙara mata tsawo don ta samu ganyen kama ɗan hasken da ke ratsowa. Ita yaɗonta a saman ƙasa kawai yake, ba ta da ajiya a ƙarƙashi irin ta kiri-kiri. Wuƙa ta tsinke yaɗon nan, an gama da ita. Gidajen da suka yi faci-faci a layinmu yawanci kafet ce aka yi wa yankan kiri-kiri.

Sai wadda ake ce wa 'yar Fatakwal. Tana kwanciya luf, tana jure takawa, amma in aka yi sakaci ta fitar da kai, 'ya'yanta masu tsini ne, suna maƙalewa a ƙafar wando da safa. Ka ga mutum ya fito fes zai tafi masallacin Juma'a, ya ratsa ƙofar gidansa, ya tsuguna yana tsince wando ɗaya bayan ɗaya yana tsaki. Maganinta a yanke kan tun bai nuna ba. Wani kuma ya je Jos ya ga wata ciyawa shar, ya cika buhu ya kawo. In kikuyu ce, asalinta tsaunukan Kenya, sanyi take so. Zafin Maris da Afrilu na nan ba ya yi mata daɗi.

Wuƙar injin ma abin magana ce. Muna wasa wuƙar layya, muna wasa adda, amma ta inji sai ta shekara tana dukan duwatsu ba a kai ta wajen mai wasawa ba. Dakusasshiyar wuƙa ba yanka take yi ba, yaga take yi. Tsuguna ka ɗauki ganye ɗaya kwana biyu bayan yanka: in bakinsa ya tsattsage ya yi fari-fari, wuƙar ce. Sannan mu mutanen sammako ne, muna so a gama aiki kafin rana ta ɗaga, sai a tayar da inji raɓa na kwance. Jiƙaƙƙiyar ciyawa tana kwantawa a gaban wuƙa, ta dunƙule ta toshe cikin injin, yanka ya fito wani wuri tudu wani wuri kwari. A bari raɓa ta bushe, ko a yi bayan la'asar. Masu injin ratayawa a kafaɗa, mai yanka da igiya, su kuma sai an sa musu ido, don su ne ke saɓule bawon ƙananan bishiyoyi tun daga gindi.

Inda ake kai ruwa rana shi ne kan ciyawar da aka yanke. Baba ya ce in gajera ce a bar ta nan ta ruɓe, taki ce ta kyauta. Uwargida kuwa ta ce ina, ga rago a ɗaure a bayan gida yana kuka. A wannan shari'ar dai rago ke yin nasara, ni ma ban ga laifi ba. Sai dai a baza ta ta sha iska, kada a tara ta tuli guda ta yi zafi ta fara tsami, kuma in an yi feshi kwanan nan kada a ba dabba ko ƙanƙani.

Da hunturu ya shigo sai girma ya tsaya. A nan ake ɗaga wuƙa sama, a rage yanka, wani lokaci a jingine injin gaba ɗaya. Kiri-kiri za ta bushe ta yi fari, mu kuwa sai mu yanke hukunci ta mutu, wani ya cinna mata ashana, wani ya sa a kafce. Da an ƙyale ta, ruwan farko na Afrilu ko Mayu zai tayar da ita. Mai rijiyar burtsatse da ke son kore har rani, ya shayar da ita sosai sau biyu a mako da sassafe, ya fi yayyafin kullum da maigadi ke yi da tiyo yana sauraron rediyo.

Alhajin da ya ce zai kira masu intalok ya cika alkawari, an shimfiɗa masa har bakin kwata. Yanzu iyalinsa na kukan zafin da ke tasowa daga tsakar gida har bayan isha'i, aya-aya kuma ta fara leƙowa ta tsakanin bulullukan. Ku da ciyawarku ke da sauran rai, kafin yaro ya ja igiya a wannan makon, ku tambayi mai fulawa wane iri ya sayar muku, sannan ku ɗiga ɗan baƙin mai a ƙarfen nan na gefen taya ku ɗaga shi mataki biyu.