Masu Salansa Iri-Iri a Tudun Wada

Wanda ya zauna a bakin titin da ya taso daga Ƙofar Doka ya ratsa Tudun Wada zuwa Sabon Gari ba sai ya ɗaga kai ba zai san irin mutumin da ya wuce a kan babur. Kunne ya isa. Baburan kusan duk ɗaya ne, in ba Boxer ɗin Indiya ba, to Jincheng ko Haojue na China, amma salansa kowa da tasa, kuma halin mai ita take ɗauka.

Wanda ya fi addabar unguwa shi ne Mai Farke Ciki. Ranar da sabon babur ya zo hannunsa, ko ledar kujera bai cire ba zai isa wurin mai walda. Masu ƙera babur sun yi wa salansa 'yan ɗakuna da bututu mai huji-huji a ciki, don hayaƙin da inji ya turo da ƙarfi ya yi ta kewaye har ƙararsa ta mutu kafin ya fito. Gogan naka kuwa gani yake ƙeta ce kawai, an daƙile masa gudu. Sai a yanka, a kwashe kayan cikin, a mayar a liƙe. Daga nan ko a gaban alƙali zai rantse gudu ya ƙaru. Injin nan cc 100 ne, da walda da babu. Kafireta kuma daidai salansar asali aka saita ta, don haka mai da iska sukan daina daidaita, inji ya riƙa zafi, ƙarfin tashi ya ragu, da ya saki totur kuma sai tas-tas-tas. Bakanike ya san duk wannan, amma abin da zai ce shi ne, "Oga, ai yanzu ne ta yi baki!" Ya san kafin Sallah bawul zai dawo masa da Ogan.

Daren kai amarya ne ranarsa. Su goma sha, kowa na neman danne ɗan'uwansa, jarirai su farka, dattawa su yi ta salati. Sai dai tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya koyi tattali: yanzu ba ya murɗa totur a banza, sai ya zo daidai Kongo ya hango ɗalibai mata a bakin ƙofa.

Mai Goge ba ya damun kowa sai matarsa, wadda kullum cikin neman tsummanta take. Tokar murhu, Omo, man goge haƙori, in aljihu da nauyi ya sayi Autosol, babu abin da bai gwada ba. Yakan tsuguna ya duba fuskarsa a jikin ƙarfen, ya gyara zaman hula. Abin tausayi, yawancinsu ba su san abin da suke gogewa ba. Salansa da yawa baƙin ƙarfe ce aka yi wa shafe mai ƙyalli a sama, siriri ƙwarai. Sai ya ɗauko samfefa don kawar da ɗan tabo, ya kankare shafen da hannunsa, ruwan Agusta ya ƙarasa sauran, ya wayi gari da tsatsa yana zagin kamfani.

Ko wanda ya dace da farin ƙarfe na gaske, marar tsatsa, bai huta ba. Abin da ke kare wannan ƙarfen sinadarin kuromiyam ne, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda ke haɗuwa da iska ya yi wata fata da ido ba ya gani. Zafi yana ƙara wa fatar kauri, shi ya sa wuyan salansa, kusa da inji, yake komawa ruwan gwal, daga baya ya yi shuɗi. Ba lalacewa ba ce. Amma Mai Goge yaƙi ya ɗauke ta. Ya goge ranar Juma'a da safe, ya je Samaru ya dawo, launin ya riga shi gida. In haushi ya sa ya ari soson ƙarfen wanke tukunya, ɓurɓushin soson zai maƙale ya yi tsatsa a kan ƙarfen da aka ce ba ya tsatsa.

Ƙanensa kuwa, da ya ga baburan tsere a TikTok, kuɗi yake biya a ƙona masa tasa da wutar walda don ta yi shuɗin nan da yayan ke gudu. Gida ɗaya suke kwana.

Malam Sai Ƙarshen Wata, shi kam a yi masa uzuri. Tasa salansar ma ƙara take, amma ba da son ransa ba. Ta huje tun bara, ya naɗe ramin da gwangwanin madara, ya ɗaure da waya, yana jiran albashi. In ya zo wucewa ta gaban tsohon asibitin koyarwa sai ya sassauta, yana jin nauyin marasa lafiya.

Ɗan acaɓan da ya cire marfin kare zafi, wai yana ɓoye kyan ƙarfe, shi ne ya yi wa mata da yawa tambari a ƙwauri. Sai fasinja ta ƙwalla ƙara zai juyo ya ce, "Haba Hajiya, ai ta hagu ake sauka!" Ita tana duba ƙafarta, shi yana duba ko robar takalminta ta narke a jikin salansarsa.

Sai kuma malaminsu duka, wanda ko keke ba shi da shi. Teburin mai shayi ne ofishinsa, da maganaɗisun tsohuwar lasifika a aljihu. Duk babur ɗin da ya tsaya sai ya manna wa salansarsa: in ya kama, jabu ce. Rabin gaskiya ya riƙe, don mai tsadar, wanda aka haɗa da nikel, shi ne ba ya kamawa sosai, akwai kuma marar tsatsa mai araha da ke kamawa. Wani dare wani matashi ya iso daga Kwangila, ko sauka bai gama yi ba malamin ya kai hannu. Mai shayi ya ce, "Baba, bari ta huce mana." Ya riga ya taɓa. Yana yarfe yatsu yana hura su ya yanke hukunci: "Wannan ta China ce. Ta Japan ba ta zafi haka."